Darasi na Tara: Birai Masu Cin Ganye da Kurmin da Ke Riƙe da Su

Duk wanda ya taɓa noma gyaɗa ko masara a bakin daji a ƙasar Kebbe ya san jan biri, kuma ba sanin arziki ba. Ya san yadda suke fitowa garke guda da sassafe, babban namijin ya ɗare kan suri ko reshe yana tsaro, mata da 'ya'ya su bazu cikin kunyoyi. Ya kuma san biri ba ya zaɓen abinci. Gyaɗa, ɗanyar masara, fara, ƙadangare, ƙwan tsuntsu, ƙaron jikin itace, duk nasa ne. Shi ya sa gardi yake iya yawo da biri daga kasuwar Kuchi zuwa ta Tambuwal, yana ba shi ragowar tuwo da ƙosai, birin kuma ya yi shekara da shekaru yana tsalle lafiya lau.

Amma akwai wani dangin birai da irin wannan ciyarwa za ta kwantar, har ma ta kashe. Su abincinsu ganye ne. Masana na kiran na Afirka kolobas, mafi yawan na Asiya kuma langur. Hausawan da ke zaune kusa da su a Taraba suna kiran wanda suka sani biri mai roro. Babu ko ɗaya daga cikinsu a dajin Kebbe, babu a Tambuwal, babu a duk jihar Sakkwato. Dalilin rashinsu a nan shi ne rabin darasinmu, domin wanda ya gane shi zai ƙara sanin dajin da yake shiga kullum neman itace da kiwo.

Ganye ba abinci ne mai sauƙi ba

Wani zai ce, ai mu ma muna cin ganye. Gaskiya ne: kuka, zogale, rama, tafasa, yakuwa. Amma ku lura, 'yan kaɗan muka zaɓa daga ɗaruruwan itatuwa da tsirrai, su ma sai mun dafa ko mun shanya mun daka, sannan mu haɗa da tuwo ko ƙuli-ƙuli. Ba wanda zai wuni a kan marke yana tsinkar ɗanyen ganye ya sauko ya ce ya ƙoshi.

Mafi yawan jikin ganye wani zare ne mai tauri da cikin mutum ba ya iya narkarwa, kusan yadda ya shiga haka yake fita. Ban da wannan, itace ba ya iya gudu idan an zo cinsa, don haka Allah ya ba shi makamansa a jiki: ƙaya, ɗaci, bauri, wani lokaci dafi tsantsa. Makiyaya sun san abin da gyauron dawa yake yi wa saniya idan ta same shi yana sabon toho. Majema kuma sun san bagaruwa. Abin da ke cikin 'ya'yanta, wanda yake kama fata ya hana ta ruɓewa, shi masana ke kira tanin, shi ne kuma baurin da kuke ji a baki idan kun ciji ɗanyar kanya. Akwai shi a ganyen itatuwa da yawa. Idan ya shiga ciki sai ya kama sinadarin gina jiki da ke cikin abincin ya riƙe, dabba ta cika ciki amma jikinta bai amfana ba.

Ciki irin na saniya

Wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga tumbin saniya, babbar jaka cike da ciyawa mai ɗumi tana tsima. Ba saniyar ce da kanta ke narkar da ciyawar ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya, miliyoyi bisa miliyoyi, suke zaune a tumbin suna cin zaren, suna fitar da abin da jinin saniya zai iya ɗauka.

Haka cikin biri mai cin ganye yake. Maimakon jaka ɗaya irin tamu, nasa ya kasu ɗaki uku ko huɗu. Ɗakunan farko manya ne, babu ruwan tsami mai ƙarfi a cikinsu, nan bakteriya ke aiki, suna narkar da zaren, suna kuma karya wani ɓangare na dafin kafin ya kai ga jini. Ɗakin ƙarshe ne mai tsami irin na cikinmu, a nan ake narkar da su kansu bakteriyan da suka gangaro, su zama abin gina jiki. Birin yana da yawu mai yawa da ke hana ɗakunan farko yin tsami, turamen haƙoransa kuma masu kaifi ne don datsa ganye. Inda ya bambanta da saniya shi ne ba ya tuƙa. A shekarar 1987 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa sinadarin da ke fasa bakteriya a cikin langur na Indiya ya ɗauko kamannin na saniya, alhali biri da saniya ba su haɗa dangi na kusa ba.

Wannan ciki yana da nasa nauyin. Ganye ba shi da ƙarfi sosai, dole a ci da yawa, har a wasu nau'o'in abin da ke cikin tumbi kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin birin gaba ɗaya. Narkewarsa kuma na ɗaukar lokaci. Shi ya sa biri mai roro kan shafe fiye da rabin yininsa zaune a kan reshe, ciki a gaba, yana gyatsa. Wanda bai sani ba sai ya ce malalaci ne, nan kuwa tsakiyar aiki yake.

Kun san abin da ke faruwa idan tunkiya ta ɓalle ta tarar da buhun dawa a buɗe: ciki ya kumbura, ta kasa tashi, wani lokaci sai wuƙa. Hatsin ne ya sa tumbi ya yi tsami fiye da kima, bakteriyan da take dogara da su suka mutu. Abin da nunanniyar ayaba, burodi ko tuwo suke yi wa waɗannan birai ke nan idan suka yi yawa. Ko a dawa, idan za su ci 'ya'yan itace sun fi son ɗanye, ko ƙwallon da ke ciki. Gidajen ajiye namun daji a Turai sun daɗe suna asararsu kafin a gane hakan.

Kada kuma ku ɗauka duk ganyen da birin ya gani yake ci. Mai zaɓe ne ƙwarai. Ya fi neman sabon toho, domin shi ne mai taushi da yawan sinadarin gina jiki. A dajin Kibale na Yuganda an lura birai masu roro sun dogara sosai da tohon wani itace guda, ɗan uwan zuwo. Saboda ganye ba shi da gishiri isasshe, sukan sauko lokaci-lokaci su ci ciyawar fadama ko ƙasa. Jan kolobas na tsibirin Zanzibar ya fi su dabara. Yana cin ganyen mangwaro da na wani itace ɗan uwan baushe, masu bauri ƙwarai, sannan ya nemi gawayi ya tauna, ko daga kututturen da wuta ta ci ko daga wurin masu yin gawayi. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna gawayin yana tsotse wani ɓangare na abin da ke cutarwa a ganyen.

Biri mai roro

Wurin da aka fi saninsa a Arewa shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya. A can dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Tun shekarar 2000 masana daga Landan tare da 'yan Nijeriya suka buɗe sansanin nazarin birai a Kwano, cikin gandun, inda biri mai roro yake zaune daji ɗaya da kirka, da goggon biri, da biri mai ganga, wato cimfanzi. Daga nan yankin biri mai roro ya miƙa gabas, ta Kamaru da Kwango har Yuganda, Kenya da Habasha.

Baƙi ne wuluk, da farin gashi kewaye da fuska, da wani dogon farin gashi da ya zubo daga kafaɗu ta gefen jiki zuwa ƙugu, wutsiya kuma doguwa mai farin tuntu. Namiji kan kai kilo 9 zuwa 13, mace ba ta kai haka ba. Sukan zauna ƙaramin garke, galibi bai wuce goma sha biyar ba, babban namiji ɗaya da mata da 'ya'ya. Da asuba namijin yakan yi wani ruri mai kauri da ake ji daga nesa, na garken da ke maƙwabtaka ya amsa, kowa ya san inda wani yake ba tare da an yi faɗa ba.

Cikinsu wata biyar ne da 'yan kwanaki, ɗa ɗaya ake haifa, kuma fari fat yake zuwa. Sai ya yi wata uku zuwa huɗu sannan ya rikiɗe ya koma launin iyayensa. Muddin yana fari, matan garken sukan yi ta karɓarsa hannu-hannu suna reno.

Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: hannun kolobas ba shi da babban yatsa sai ɗan guntun dungu. Yatsu huɗu ne dogaye, masu lanƙwasa, da suka dace da kama reshe idan ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan. Ba kuma shi da jakar kumatu irin ta jan biri da kirka, wadda suke cusa gyaɗa a ciki su ruga.

Sauran dangi

A Nijeriya akwai jan kolobas iri biyu, dukansu a Kudu. Ɗaya yana gandun dajin Kuros Riba da dajin Korup na Kamaru. Ɗayan yana cikin fadamun jihar Bayelsa, kuma masana ba su san da shi ba sai a 1993, ko da yake Ijawan yankin sun san shi tun kaka da kakanni. Akwai kuma ɗan ƙaramin cikinsu, mai launin toka da ratsin kore, wanda uwa take ɗaukar jaririnta a baki a makonnin farko, abin da ba a san wani biri na yi ba.

A Asiya dangin ya fi yawa. Akwai langur da Indiyawa ke girmamawa har yana yawo cikin gari, akwai mai dogon hanci a bakin kogunan tsibirin Borniyo, akwai masu guntun hanci a duwatsun ƙasar Sin inda ƙanƙara ke zuba. Ba za mu tsaya a kansu ba, ciki dai iri ɗaya ne.

Me ya sa babu su a Kebbe?

Ku yi tunanin dajinmu a watan Maris. Ruwa ya ɗauke tun Oktoba, ba zai dawo ba sai ƙarshen Mayu ko Yuni. Ruwan da muke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma duk cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba. A kurmin Gashaka yakan kusanci 2,000, ranin kuma bai kai namu tsawo ba. Kuka ta zubar da ganye, marke ya zubar, geza ta bushe. Dabbar da tumbinta ke buƙatar a cika shi da toho kowace rana ba za ta iya jiran damina ba, domin idan bakteriyan suka rasa abinci ita ma ta rasa.

Za ku ce ai akwai gawo, wanda yake yin ganye da rani ya zubar da damina, akwai tsamiya da kanya da ba sa tsiraita gaba ɗaya. Haka ne. Amma ku dubi yadda suke tsaye: wannan a nan, wancan a can, tsakaninsu fili. Kolobas yana buƙatar itatuwan da kawunansu suka haɗu, ya bi reshe zuwa reshe ba tare da ya taka ƙasa ba. A ƙasa ba shi da sauri, kare ma zai cim masa. Jan biri kuwa ɗan fili ne. Ƙafafunsa dogaye ne, gudunsa kan kai kilomita 55 a sa'a, babu birin da ya kai shi gudu a duniya. Yana da babban yatsan tonon gyaɗa da tsintar ƙwaro, yana da jakar kumatu. Abin da ya hana wancan zama a nan shi ne ya ba wannan gari.

Akwai dai wuri guda da ya kamata mu duba da kyau, domin ya yi kusa da halinmu. A Sanagal da Gambiya akwai wani jan kolobas da ke zaune a ƙasa mai dogon rani. Abin da ya riƙe shi shi ne kurmin bakin rafi, wannan siririn layin manyan itatuwa da ke bin ruwa, waɗanda saiwarsu take kai ga danshi ko da rani. A dajin Fathala na Sanagal, da ruwan sama ya ragu itatuwa suka yi ƙaranci, masana sun ga biran nan sun fara saukowa ƙasa suna bin wasu birai don samun masu tsaro. Haka abin yake a bakin kogin Tana a Kenya: busasshiyar ƙasa hagu da dama, kurmi a tsakiya, jan kolobas a cikinsa.

Mu ma muna da irin wannan layi. Gulbin Zamfara, da ya taso ta wajen Gummi ya bi ta ƙasarmu ya nufi Jega, da rafukan da ke zuba cikinsa, nan ne giyayya, ɓaure, kanya, tsamiya da maɗaci suka fi samun wurin zama. Nan kirka take fakewa, domin ita ba ta nisa da ruwa da manyan itatuwan kwana. Tana cin 'ya'yan kanya da ɓaure ta kai irin wani wuri ta zubar. Duk abin da za mu faɗa yanzu a kan kurmin wasu, ya shafi wannan namu.

Bindiga da gatari

A dawa maƙiyan waɗannan birai su ne gaggafa, damisa da biri mai ganga, wanda yake farautar jan kolobas ya ci. Da waɗannan sun iya zama tun fil'azal. Mutum ne ya fi ƙarfinsu. A ƙarshen ƙarni na 19 an fitar da fatun kolobas mai baƙi da fari dubun dubata daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai don ado. Yau nama ake nema. Jan kolobas ya fi shiga uku, domin garkensa babba ne, yana da hayaniya, ba ya kuma saurin gudu idan ya ga maharbi. Wani irinsa da ke kan iyakar Gana da Kwaddibuwa, rabon masana da ganinsa ido da ido tun 1978, a shekarar 2000 aka bayyana cewa mai yiwuwa ya ƙare. Na Bayelsa, wanda aka ƙiyasta dubbai ne lokacin da aka gano shi, yanzu ɗaruruwa ake magana, kuma ɗaya daga manyan itatuwan abincinsa shi 'yan katako suka fi nema. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da shiri na musamman kan jan kolobas na 2021 zuwa 2026.

Biri mai roro ya fi juriya. Yakan zauna a ɗan ƙaramin kurmi, har a dajin da aka taɓa sara ya sake tohowa. Amma shi ma yana da iyaka: idan layin itatuwan ya yanke, garken da ke wannan gefe ya rabu ke nan da na wancan.

Mu a nan ba ma cin naman biri, don haka yana da sauƙi mu ce babu hannunmu. A ganina wannan rabin gaskiya ne. Gatari yana yin abin da bindiga ba ta yi, don maharbi yakan bar daji a tsaye, wata dabba ta sake shigowa. Dubi madobiya. A shekarun baya an yi ta sare ta a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta CITES. Ganyen madobiya na cikin abincin jan kolobas na Sanagal, kuma shi makiyayanmu suke sassaɓo wa shanu da rani. A wurinmu ƙirya da marke ne suke tafiya a buhunan gawayi, bakin gulbi kuma ana share shi har gaɓa don albasa da shinkafa. Ba wanda zai zargi mai iyali da neman abinci. Sai dai gaɓar da aka cire wa saiwa ita ambaliya take fara ci, gonar da aka faɗaɗa ta tafi da ita.

Shuka itace abu ne mai kyau, jihar Sakkwato kuma na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka. Amma layin dogon yaro ba kurmi ba ne. Yana ba da inuwa, yana tare iska, sai dai ba zai maye gurbin itatuwa iri-iri da kowanne ke toho da 'ya'ya a nasa lokacin ba. Barin tsohuwar tsamiya a tsaye ya fi sauƙi da arha a kan renon sabuwa shekara ashirin.

A Gana akwai ƙauyuka biyu, Boabeng da Fiema, inda kolobas mai baƙi da fari yake zaune a ɗan kurmin da ke jikin gidaje. Mutanen wurin sun ɗauke shi abin girmamawa a al'adarsu, har maƙabarta suka yi masa. Da al'adar ta fara rauni, sai suka nemi a kafa doka a 1975 da ta hana kashe shi, biran kuma suka ƙaru a lokacin da suke ƙarewa a manyan dazuzzukan ƙasar. Aƙidarsu daban, tamu daban. Abin dubawa shi ne dokar ta kama ne domin mutanen gari suka nema, su ne kuma masu tsaronta. Mu ma mun san irin haka: a garuruwa da yawa manyan itatuwan da suka rage a maƙabarta suke, wurin da kowa ya yarda ba a kai gatari.

Aiki

1. Ku bayyana da bakinku abin da ya sa nunanniyar ayaba mai yawa take cutar da biri mai roro amma ba ta cutar da jan biri.

2. Ku sami dattijo ko tsohon maharbi a unguwarku, ku gaishe shi, ku tambaye shi irin biran da ya sani yana yaro, da inda suke kwana, da waɗanda ake gani yanzu.

3. Ku je bakin rafi ko fadamar da ta fi kusa da gari, ba sai kun shiga daji mai nisa ba. Ku yi taku ɗari biyu a gaɓa, ku ƙirga manyan itatuwan da ke tsaye da kututturan da aka sare, ku faɗi sunan kowanne. Ku duba ko akwai wurin da kawunan itatuwa uku suka haɗu a jere.

Ku zo da amsoshinku a zama na gaba. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya riƙe sunayen itatuwan a ka, za mu rubuta su tare a allo.